Yadda Ake Ƙara wa Intanet ɗin Gida Sauri Ba Tare da an Sake Haƙa Rami Ba

A shekarar 2018 wani kamfanin sadarwa na ƙasar Siwizalan mai suna Salt ya fara sayar wa gidaje intanet mai gudun gigabit 10 a daƙiƙa. A watan Janairun 2022 kamfanin AT&T na Amurka ya fito wa masu hulɗa da shi da na gigabit 2 da na gigabit 5 a birane da dama. Gigabit ɗaya megabit 1,000 ne, don haka ana maganar gudun da ya ninka na yawancin wayoyin hannunmu sau ɗaruruwa. Abin lura a nan, a unguwannin da aka riga aka kai wa wayar faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar saƙon intanet da haske, an yi wannan ƙarin ne ba tare da an ga katafila ko an fasa kwalta ba. Wayar da aka binne shekarun baya ita ce dai ke ƙasa. Abin da aka taɓa shi ne na'urorin da ke bakinta biyu, ɗaya a ofishin kamfani, ɗaya a bangon falon mai gida.

Duk wanda ya gane dalilin haka ya gane rabin batun faiba, kuma zai gane abin da ya sa wasunmu ke damuwa da yadda ake shimfiɗa ta a garuruwanmu yanzu.

Wayar faiba zaren gilashi ce tsantsa da aka lulluɓe da roba. Kaurin gilashin maikiromita 125 ne, kusan kaurin gashin kai, kuma ainihin hanyar da haske ke bi a tsakiyarsa maikiromita 9 ce kacal. Ba wutar lantarki ke bi ta ciki ba, haske ne na lesa da ake kunnawa ana kashewa sau biliyoyi a daƙiƙa guda, kowace walƙiya tana ɗauke da ɗan guntun saƙo. A 1966 Charles Kao, masanin da aka haifa a birnin Shanghai yana aiki a Ingila, shi da abokin aikinsa George Hockham suka nuna cewa abin da ke cinye haske a cikin gilashi ƙazantar da ke gauraye da shi ce, in aka tace shi sosai zai iya kai saƙo nesa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren farko da ya tabbatar da maganarsu, wanda bayan tafiyar kilomita ɗaya ake samun kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken ya tsira. A lokacin wannan babbar nasara ce. Zaren da ake shimfiɗawa yau yana isar da fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken bayan kilomita guda. Sai a 2009 aka ba Kao kyautar Nobel kan wannan aiki.

Shi gilashin ba ruwansa da yawan saƙon da aka tura ta cikinsa. Ko lesa ta yi walƙiya sau biliyan biyu a daƙiƙa, ko sau biliyan hamsin, zaren zai ɗauka. Iyakar tana ga na'urar da ke walƙiyar da wadda ke karantawa. Wayar tagulla ta tsohon tarho ba haka take ba, da zarar an yi nisa da ofishin kamfani saƙo yake raunana, shi ya sa ƙasashe irin su Sifen da Faransa suka ɗauki hanyar rufe layukan tagulla gaba ɗaya, Faransa ta sa wa kanta wa'adin 2030.

Sai mu duba yadda ake jan faiba cikin unguwa, domin a nan gizo ke saƙar. Mutane da yawa na ɗauka cewa in an ce an kawo musu faiba, to zare guda ne nasu su kaɗai tun daga kamfani har ɗaki. Akwai wuraren da ake yin haka, amma tsarin da ya fi yawa a duniya na tarayya ne. A ofishin kamfani akwai babbar na'ura da ake kira OLT, mai ƙofofi da yawa. Daga kowace ƙofa zare ɗaya ke fita ya nufi unguwa. In ya iso, sai ya shiga wata 'yar mararrabar haske, wadda galibi take cikin akwatin da ake gani maƙale a jikin falwaya ko cikin ramin gefen titi. A nan ake raba hasken gida 16 ko 32 ko 64, kowane kaso ya bi nasa zaren zuwa gida guda, ya ƙare a ƙaramin akwati mai suna ONT, wanda ke mayar da haske ya koma saƙon da kwamfuta da waya ke ganewa. Ita mararrabar gilashi ce zalla, ba ta cin wuta, ba ta da fanka, ba ta buƙatar janareta. Tsakanin ofis da gida, tazarar da kan kai kilomita 20, babu wani abu da ke jiran NEPA. Ga ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramar falala ba ce.

Tsarin da ya fi yaɗuwa sunansa GPON, wanda Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fara fitar da ƙa'idojinsa a 2003. Kowace ƙofa ta GPON tana turo megabit 2,488 a daƙiƙa zuwa gidaje, tana karɓar megabit 1,244 daga gare su. Wannan adadin na dukan gidajen da ke kan zaren ne a haɗe. In gida 32 ne, kuma kowa ya buɗe wuta lokaci guda, rabon kowane gida bai wuce megabit 78 ba. In gida 64 ne, ya koma 39. To ta yaya kamfani ke sayar wa mutum megabit 200 ko ma 1,000 a kan irin wannan layi? Yana dogara ne da cewa mutane ba sa jan data a tare. Mai buɗe shafi yakan ja na ɗan lokaci ya tsaya karatu, bidiyo ma gutsure-gutsure yake saukowa. Lissafin yana tafiya daidai da rana tsaka. Bayan sallar isha'i kuwa, lokacin da kowane gida ya kunna kallo, yara na kan wasa, ana kiran 'yan uwa na ƙasar waje ta bidiyo, sai abin ya zama kamar bututun ruwan unguwa da asuba, kowa ya buɗe famfonsa, ruwan ya dawo tsiyaya. Wanda intanet ɗinsa ke gudu da hantsi yana rarrafe da daddare, sau da yawa abin da ke damunsa ke nan.

Hanya mafi sauƙi ta gyara ita ce a rage yawan gidajen da ke kan ƙofa ɗaya, a raba 64 su koma 32 sau biyu. Wannan na buƙatar ƙarin ƙofa a ofis da kuma zare na biyu zuwa unguwar. Kamfanin da ya yi hangen nesa ya binne waya mai zaruruwa da yawa tun farko, sai kawai ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ke ajiye. Wanda ya yi tsumulmula ya ja daidai buƙatar ranar, shi ne zai koma neman izinin haƙa.

Babban ƙarin da ake yi yanzu a duniya shi ne komawa XGS-PON, wanda ITU ta amince da shi a 2016. Shi gigabit 10 yake bayarwa wajen saukowa, gigabit 10 wajen hawa. In an cire abin da ake kashewa wajen gyara kurakuran saƙo, abin da ya rage ya kai kimanin gigabit 8.5, shi ya sa wasu kamfanoni ke tallar gigabit 8 ba 10 ba. Dabarar da ta sa wannan sauyi ya zo da sauƙi ta burge ni ƙwarai, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Haske launi-launi ne, har da launukan da idon ɗan Adam ba ya gani, kuma ana bambance su da tsawon zangonsu a ma'aunin nanomita. GPON yana turo saƙo zuwa gida da haske mai nanomita 1490, gida kuma ya mayar da amsa da mai 1310. Da aka zo tsara XGS-PON sai aka zaɓa masa wasu launukan daban, 1577 wajen saukowa, 1270 wajen hawa. Tunda launukan ba sa shiga hurumin juna, ana iya zuba tsohon tsari da sabo cikin zare ɗaya a lokaci ɗaya. A ofis ana sa sabon kati a jikin OLT tare da wata 'yar matatar gilashi da ke haɗa launukan. Daga wannan rana, hasken tsarin biyu na isa kowane gida, kowane akwati yana ɗaukar launin da ya sani ya ƙyale ɗayan.

Amfanin wannan a aikace shi ne ba sai an tilasta wa unguwa guda sauyawa rana ɗaya ba. Mai son ƙarin gudu zai biya, ma'aikaci ya zo ya cire tsohon akwati ya sa sabo a kan zaren nan dai, aikin da bai fi na ɗan lokaci ba. Maƙwabcinsa da ya gamsu da abin da yake samu zai ci gaba da zama kan GPON, har ma ya samu sauƙi, domin masu cin data da yawa sun tashi daga layinsa. An kuma riga an shirya mataki na gaba, ITU ta fitar da ƙa'idar tsarin gigabit 50 a 2021, shi ma an tsara shi ya zauna tare da na baya a kan zare guda.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci a XGS-PON ba adadin saukowa ba ne, daidaituwar hawa da sauka ce. An daɗe ana gina intanet ɗin gida bisa tunanin cewa mutum mai karɓa ne kawai, yana kallo yana saurare. Yau kuwa malami na koyar da ɗalibai ta bidiyo daga ɗakinsa, mai ɗinki da mai sayar da atamfa suna ɗora hotunan kaya, matasa masu shirya finafinai da gajerun bidiyoyi suna tura fayil masu nauyin gigabait da yawa, mai aikin kwamfuta yana yi wa kamfanin wata ƙasa aiki daga gida. Duk waɗannan hawa suke buƙata. Kuma a tsarin tarayya, hawa ya fi wuyar sha'ani, domin gidaje ba za su iya haska lesa lokaci ɗaya ba, sai hasken ya cakuɗe a mararraba. OLT ce ke raba musu lokaci, kowane akwati ya yi magana a nasa ɗan taƙin ya yi shiru. In taƙin ya yi kaɗan, a nan ake ganin kiran bidiyo yana daskarewa alhali ma'aunin gudu yana nuna lafiya lau.

Akwai wani abu da ke fitowa fili a lokacin irin wannan sauyi, wato ingancin aikin da aka yi tun farko. Duk lokacin da aka raba haske biyu, kowane ɓangare rabi yake samu. Kafin a kai gida 32 an raba sau biyar, don haka abin da ke isa akwatin gida ɗan kaɗan ne, kuma an ƙididdige shi daidai wa daida. Kowane mahaɗin da ba a liƙe da kyau ba, kowace lanƙwasa mai tsanani a kusurwar bango, kowace ƙura a kan bakin waya, suna ƙara cin wannan ɗan abin da ya rage. Mu da ke ƙasar hunturu da ƙura mun fi kowa buƙatar kula da wannan, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare wani sashe na hanyar da faɗinta maikiromita 9 ne. Layin da aka yi wa aikin gaggawa yana iya lallaɓawa da tsohon tsari, sai an ƙara gudu kurakurai su bayyana. Ma'aikacin kirki ba ya barin gida sai ya auna ƙarfin hasken da mita ya gaya wa mai gida adadin. Kuma kada kowa ya cire wayar ya leƙa bakinta don ya ga ko akwai haske. Hasken ba ya ganuwa, amma yana iya cutar da ido. In jar fitilar da aka rubuta wa LOS ta kama a jikin akwatin, alama ce haske bai iso ba, sai a kira kamfani.

To a ce an kawo gigabit 10 har bangon falo. Shin mai gida zai ji shi a hannunsa? Galibi a'a, kuma a nan ne kuɗin mutane ke tafiya a banza. Yawancin rawutoci, wato na'urorin da ke rarraba intanet a cikin gida, da kwamfutocin da ke kasuwa ƙofar wayarsu ta gigabit 1 ce, wadda a aikace ba ta wuce megabit 940. Wasu masu araha ma megabit 100 ce iyakarsu. Sai kuma Wi-Fi, wanda shi ne matsatsin da ya fi kowane. Zangon gigahaz 2.4 yana ratsa bango amma ba shi da gudu, ga cunkoson na'urorin maƙwabta. Zangon gigahaz 5 yana da gudu amma bango biyu na bulo da siminti sun isa su karya shi. Gininmu kuma bulo ne da rodi da kankare, sashen maigida daban, ɗakunan iyali suna kewaye da tsakar gida, wani gidan ma bene ne. Rawuta ɗaya da aka ajiye bayan talabijin a falon baƙi ba za ta ciyar da irin wannan gida ba ko da nawa aka biya. Abin da ke aiki shi ne a ja wayar netwok daga rawuta zuwa kowane sashe a sa masa tasa na'urar Wi-Fi. Waya samfurin Cat5e tana ɗaukar gigabit 1 har tsawon mita 100, samfurin Cat6a tana ɗaukar gigabit 10 a wannan tsawon. Mai gini yanzu, da zai sa a bar masa bututun wayar nan a bango tare da na lantarki, da ya huta da fasa fulasta nan gaba.

Yana da kyau kuma a san cewa kamfani da megabit yake talla, waya kuma da megabait take nuna saukar fayil, kuma bit takwas ne bait ɗaya. Mai layin megabit 100 da ya ga fayil na sauka da megabait 12 a daƙiƙa, ba a cuce shi ba. Sannan buƙatar gida ba ta kai yadda talla ke nunawa ba. Netflix na ba da shawarar megabit 15 don kallon bidiyo mafi tsabta na 4K, kiran bidiyo mai kyau bai kai megabit 5 ba. Gida mai mutum goma zai wadatu da megabit 100 zuwa 200 in dai na gaskiya ne, masu tsayawa daram dare da rana. Ni da za a tambaye ni, gara megabit 100 da ba ya yankewa da gigabit ɗin da ke zuwa yana tafiya.

Daga ofishin kamfani zuwa gaba ma akwai tafiya. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da Najeriya ke dogaro da su kusan duk a Legas suka sauka: SAT-3 tun farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, ACE daga baya, Equiano na kamfanin Google a 2022, sai 2Africa da ya sauka a Legas da kuma Akwa Ibom. Data ta yi yawa a bakin teku, jan ta zuwa cikin ƙasa ne aiki. Kamfanin da ya sa XGS-PON a wata unguwa a Kano ko Kaduna, amma layin da ya saya zuwa Legas siriri ne, ya kawar da cunkoson ne kawai daga unguwa zuwa wani wuri. Sannan akwai jinkirin da nisa ke jawowa, wanda babu na'urar da ke maganinsa. Haske a cikin gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, zuwa da dawowa ya kama kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa, kafin a haɗa da tafiyar cikin ƙasa. Maganin wannan shi ne a matso da abin da mutane ke nema kusa da su, a riƙa musayar data a cikin gida. Aikin da cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, ke yi ke nan tun 2006, kuma tana da reshe a Kano. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin watan azumi, wayoyi huɗu suka katse a teku daura da Kwaddibuwa, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. A ranar, mai faiba da mai data ta waya kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Mu a nan, maganar ƙarin gudu ta zo ne alhali yawancin gidaje ko zaren farko bai iso musu ba. Kamfanoni irin su ipNX da FiberOne da MTN suna kai faiba gidaje, amma aikin ya fi yawa a Legas da Abuja da wasu unguwannin manyan birane, sauran jama'a da wayar hannu suke shiga intanet. Dalili kuwa shi ne mafi yawan kuɗin shimfiɗa faiba ba a gilashi yake tafiya ba, a haƙa da bututu da izini yake tafiya. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a riƙa karɓar naira 145 kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne waya, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko zuwa 145 a watan Mayun 2020, a watan ne kuma Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. A kilomita guda, bambancin shi ne tsakanin naira miliyan 4.5 da naira 145,000. Jihar da ta tsawwala wannan kuɗi ta ci na rana ɗaya ne, ta kori aikin da zai amfani makarantunta da asibitocinta da kasuwanninta shekaru masu yawa.

Tsarin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka fitar lokacin Isa Ali Pantami yana minista, ya sa burin megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. A watan Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta amince da shirin ƙara kilomita 90,000 na faiba a kan kimanin 35,000 da ake da su, ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani. Wannan babbar jijiya ce tsakanin garuruwa, daga ita zuwa ƙofar gida akwai sauran aiki. Kuma abin da aka riga aka binne ma ba a bar shi ya huta ba. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce a 2024 an katse wayoyin faiba fiye da sau 50,000 a faɗin ƙasa, kuma mafi yawansu aikin titi ne ya jawo. Ana tufka ana warwara ke nan. A shekarar ce Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya. Kowane katsewa yana barin tabo, domin wurin da aka liƙe yana ƙara cin haske, kuma layin da aka yi wa faci sau da yawa shi ne zai fara gazawa ranar da aka zo ɗora masa tsarin gigabit 10.

Shi ya sa nake ganin shawarar da ta fi tasiri kan gudun intanet ɗin gidajenmu nan da shekara ashirin tana hannun ma'aikatun ayyuka da hukumomin tsara birane. In ana gina titi ko kwalbati, a binne bututu fanko a gefe tun ramin yana buɗe, kowane kamfani ya zo ya zura wayarsa ya biya haya. In ana yanka filaye a sabuwar unguwa, a ware hanyar waya kamar yadda ake ware ta ruwa. A ajiye taswirar inda wayoyi suke, ɗan kwangila ya duba kafin ya sa katafila. Kamfanoni kuma su binne zaruruwa fiye da buƙatarsu ta yau, tunda zaren shi ne mafi arha a cikin aikin.

Saura abu guda da ke hannun mai gida. Layin da ke waje ba ya buƙatar wuta, amma akwatin ONT da rawuta suna buƙata, kuma sababbin akwatunan gigabit 10 sun fi tsofaffin ci. Duk da haka abin da suke ja bai taka kara ya karya ba, galibi bolt 12 suke amfani da shi, kuma su biyun a haɗe ba su kai abin da fankar sama ke ci ba. Ƙaramin batirin ajiya da aka yi don rawuta, ko layi ɗaya daga inbatar sola, ya isa ya riƙe su sa'o'i bayan an ɗauke wuta, muddin kamfanin ma ya tanadi tasa wutar a ofishinsa. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa wakilin kamfani kafin a biya kuɗin haɗawa, tare da tambayar gida nawa ne ke kan zaren, da kuma nawa ne gudun hawa.